Lasisin Malam Orijinal

"Bi a hankali, Bappa, akwai rami a gaba," in ji Malam Julius, ya ƙara ƙanƙame akwatin kwamfutar da ke kan cinyarsa.

"Na san shi. Kullum sai mun gaisa." Bappa ya kauce wa ramin, ya faɗa na kusa da shi. "Ba ka ce ta mutu ba? Ina ruwan gawa da rami?"

Malam Julius ya sunkuya kan akwatin. Ya sa babban yatsa ya shafa 'yar takardar da ke manne a gefen akwatin, don ya tabbatar girgizar ba ta taɓa ta ba. Tana nan. Girmanta bai kai katin waya ba, da wani zare mai ƙyalli a tsakiya, da haruffa da lambobi guda ashirin da biyar. Duk Samaru an san da zaman wannan takarda. Shekara biyar ke nan, tun da ya dawo daga kwas na wata uku a Turai da kwamfutar a kwali, babu baƙon da ya shiga falonsa ya fita bai gan ta ba. Gefen da take shi ke kallon ƙofa. Kafin Dinatu matarsa ta kawo ruwa an riga an yi wa baƙo bayani: wannan ita ce shaidar cewa Windo ɗin da ke cikin na'urar nan na halal ne, an biya masu shi, ba irin faifan naira ɗari da hamsin da ake shanyawa a bakin kasuwa kamar kuɓewa ba. Ya faɗi haka a taron sashensu na kimiyyar siyasa. Ya faɗa a zumuntar maza a coci, ya haɗa maganar da doka ta takwas, wadda ta hana sata, tun daga ranar shugaban mawaƙa bai sake gaishe shi da fara'a ba. Ɗalibai suka laƙaba masa Malam Orijinal. Ya ji, ya yi kamar bai ji daɗi ba.

Ranar Lahadi aka yi ruwa da tsawa, wani abu ya ce ɗas a cikin akwatin, falo ya ɗauki ƙaurin roba. A cikin kwamfutar kuwa akwai kundin digirinsa na uku, mai taken gaskiya da riƙon amana a ma'aikatun ƙananan hukumomi. Shekara tara yana rubuta shi. An yi masa uzuri har uzuri ya ƙare, aka ba shi takarda: ya kawo gyararren babi na biyar kafin ƙarfe huɗu na yammacin Alhamis, ko a soke rajistarsa. Gyaran bai wuce shafi goma sha shida ba. Yau Alhamis.

"Da ka shiga kowane shagon buga takardu a Samaru, da tun Litinin ka gama," in ji Bappa. Maƙwabcinsa ne a gidajen malamai, likitan dabbobi a Shika, ya yi fashin aiki don ya kai shi.

"Duk da kayan sata suke aiki."

"To ai ba kai ka sato ba."

"Wanda ya ci naman akuyar sata, ya ce ba shi ya yanka ba, ka sake shi?"

"In ya ɗiba min, me zai hana."

Suka wuce Kwangila, suka kutsa cikin Sabon Gari. Shagon Chuks na wani layi ne bayan kasuwa, tsakanin mai injin markaɗe da mai sayar da labule. Chuks haifaffen unguwar ne, Hausarsa ta fi ta rabin ɗaliban Malam Julius. Shi ya je gida ranar Litinin ya duba gawar, ya ce madabod ya ƙone, wato babban faifan da komai ke zaune a kansa, amma ma'ajiyar rubutu lafiyarta ƙalau. Ya cire ma'ajiyar ya tafi da ita, ya ce a ba shi kwana uku ya haɗa sabuwar kwamfuta daga tushe. Akwatin dai Malam Julius ya hana a fita da shi. Ba zai bar takardar ta kwana a Sabon Gari ba.

"Oga Dakta, sannu da zuwa!" Chuks ya yaye wani zane kamar mai buɗe sabon asibiti. "Ga amarya."

Baƙin akwati ne mai sheƙi, gefe ɗaya gilashi, fanka na juyawa a ciki da shuɗiyar wuta. Har mai labule ya leƙo.

"Ba a ba ni Dakta ba tukuna," in ji Malam Julius. "Sai bayan ƙarfe huɗu, in an yi sa'a." Ya buɗe jakarsa ya zaro ambulan, daga ambulan ya zaro leda, daga leda ya zaro faifan sidi mai ƙyalli kamar sabon kwabo, da ɗan littafi, da rasit da aka liƙe cikin roba tare da takardar aurensa.

Chuks ya karɓi faifan da hannu biyu, ya ɗaga shi wajen haske. "Shekara goma sha ɗaya ina aikin nan, sau biyu na taɓa ganin orijinal. Na farkon ma naka ne."

Malam Julius ya ɗauka Litinin yake nufi, ya gyaɗa kai.

Aka sa faifan. Allo ya yi shuɗi, ya yi ta 'yan rubuce-rubucensa, har ya kawo wani dogon shafi mai ƙananan haruffa. Yatsan Chuks ya nufi maɓalli da kansa, kamar yadda hannun direba ke nufar oda.

"Tsaya! Me za ka danna?"

"Na yarda, Oga."

"Da me ka yarda?"

Chuks ya dubi allon kamar yau ya fara ganinsa. "Da... abin da suka ce."

"Me suka ce?"

"Oga, babu mai karanta wannan. Su da suka rubuta ma ba su karanta ba."

Malam Julius ya jawo kujera, ya sauya tabarau. Minti ashirin da biyar yana karantawa, leɓɓansa na motsi. Bappa ya fita ya sayo dafaffiyar gyaɗa, ya ci, ya zubar da ɓawon, ya dawo. Da ya dawo ya tarar da abokinsa ya cire tabarau, fuskarsa irin ta wanda likita ya ce wa ya zo da ɗan'uwansa.

"Ba za a saka ba," in ji Malam Julius.

"Me ya faru?"

"Ga shi nan ɓaro-ɓaro. Wannan lasisi na na'urar da ya zo da ita ne. Ba a ɗauke shi a kai wa wata. In ta mutu, sun mutu tare."

"Kamar matar Fir'auna," in ji Bappa.

"Oga, wa zai sani?" in ji Chuks. "Ni da kai da Alhaji Bappa ne kawai a nan."

"Mu huɗu ne."

Chuks ya waiga yana neman na huɗun, sannan ya gane, ya ɗaga kai ya dubi silin ya sauke. Agogon bango ya ce sha ɗaya saura kwata. Injin markaɗe ya tashi, ya yi ta ihu, ya mutu. 

Bappa ne ya kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga rigarsa ya gyara zama. "Malam Orijinal, bari in tambaye ka. Motar da ta kawo mu, motata ce?"

"Taka ce mana."

"Wadda na saya a tamanin da tara?"

"Ita ce."

"To injin da ke cikinta na uku ne. Giyar ta wata mota ce da ta faɗi a hanyar Funtuwa. Ƙofofin baya na tasi ne, in rana ta haska za ka ga kore ta ƙarƙashin fenti. Ka taɓa ganin an tare ni an ce wata mota ce? Bodi da lamba, su ne mota. Sauran duk gyara ne." Ya nuna tsohon akwatin da ƙafa. "Ga bodi, ga lamba a manne. A kwashe kayan cikin amarya a zuba a nan. Kwamfutarka ce ta yi ciwo aka yi mata aiki."

"Wannan hujjar 'yan tasha ce."

"Ƙarfe sha ɗaya ta yi. Kana da ta 'yan jami'a?"

Malam Julius ya tashi ya je bakin ƙofa ya tsaya, hannu a baya. Ya daɗe yana kallon wata mata da ke cinikin labule. Da ya juyo, muryarsa ta koma irin ta zumuntar maza.

"Akwai abin dubawa a ciki. An faɗa mana a ranar ƙarshe za a tashe mu da sabon jiki, amma mu ɗin ne dai, ba wasu ba."

"Oga, wancan sabon jiki ne da tsohon rai," in ji Chuks. "Wannan tsohon jiki ne da sabon rai. Ba su yi daidai ba."

"Kai wane coci kake zuwa?"

"Katolika."

"Shi ya sa. Kwance."

Chuks ya dubi amaryarsa. Kwana biyu ya yi yana jera wayoyin ciki, kowace ya ɗaure ta da 'yar roba don ta yi kyau ta gilashi. Ya kashe shuɗiyar wutar, ya ɗauki sukundireba kamar mahaucin da aka ba ragon da ya yi kiwo da hannunsa.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Turawan da suka ƙera tsohon akwatin ba su yi shi don baƙi ba, ramukan kusoshinsa ba su dace da na kowa ba. Sai da Chuks ya aro zarto wajen mai walda ya faɗaɗa bayan, ya huda sababbin ramuka, ya ɗaure fanka da waya. Duk lokacin da zarton ya matso kusa da takardar, Malam Julius ya kan rufe ta da tafin hannu, har Chuks ya ce in ya yanke yatsa ba ya cikin ciniki. A ƙarshe murfin gefe ya ƙi rufuwa. Aka ɗaure cikin da robar tayar keke, zagaye biyu. Sabuwar kwamfuta mafi ƙarfi a Sabon Gari ta fito kamar kayan da aka ɗauro a bayan a-kori-kura.

"Madalla," in ji Malam Julius. "Ita ce sak."

Aka sake sa faifan. Da shafin yarjejeniya ya dawo, shi da kansa ya danna, yana zaune a miƙe. Da aka nemi lambobi ashirin da biyar ya durƙusa gefen akwatin ya karanto su ɗaya bayan ɗaya, ko da yake ya haddace su tuntuni, ya fi haddace su a kan ranar haihuwar 'yarsa Sarah. Bappa ya tafi sallar Azahar. Da ya dawo allo ya yi kore da shuɗi, tudu da gajimare, ga kuma wani ɗan saƙo a ƙasa.

"Yana cewa a sanar da kamfani a tabbatar da lasisi," in ji Chuks. "Amma babu gaggawa, sun ba da kwana talatin. Komai zai yi aiki. Yi gyaranka ka tafi, gobe ko jibi sai a kira su."

"Wato in fara amfani da ita kafin a tabbatar?"

"Su suka yarda, Oga."

"Ba na zaman dadiro da kwamfuta. A ɗaura tukuna."

Bappa ya dubi agogo, biyu saura kwata, ya miƙa wayarsa ba tare da an roƙa ba, don ya san ta Malam Julius ba ta da kati, ba ta taɓa yin kati ba.

Wata murya ta na'ura ce ta ɗauka, ta ce a danna lambobi hamsin da huɗu da ke kan allo. A ta talatin da bakwai injin markaɗe ya tashi, Malam Julius ya rikice, aka koma farko. Karo na biyu layi ya yanke. Karo na uku Chuks ya leƙa ya roƙi mai markaɗe, matan da ke layi da bokitan tumatir suka tsaya cirko-cirko, aka ce musu Dakta na magana da Turai. Na'urar ta saurari lambobin duka, ta yi shiru, ta ce ba ta gamsu ba, a dakata za a haɗa shi da mutum.

Malam Julius ya miƙe tsaye. Ya ɓalla maɓallin kwat ɗinsa na sama. Ya ɗauki rasit da ɗan littafin ya riƙe a hannun hagu.

Mace ce, da Turanci mai laushi, daga wata duniya mai sanyi da babu janareto. Ta gaishe shi, ta tambaye shi kwamfuta nawa ke amfani da wannan lasisi.

"Ɗaya, madam. Ɗaya tak, shekara biyar. Amma kafin ki ci gaba akwai abin da ya wajaba ki sani, don kada daga baya a ce na ɓoye. Ranar Lahadi da ta wuce, da misalin ƙarfe biyar, aka yi tsawa a Samaru..."

Chuks ya kama kansa da hannu biyu.

"...madabod ya ƙone. Aka sa sabo. Aka sa sabuwar ƙwaƙwalwa. Fanka ma sabuwa ce, da waya aka ɗaure ta. Akwatin ne dai na da, da takardar. Akwai masu ra'ayin cewa bodi shi ne mota, akwai kuma masu ganin..."

"Wato gyara aka yi mata?" in ji matar.

"To, ana iya kiransa haka, sai dai in aka bi ta wata fuskar..."

"Babu damuwa. Ka shirya rubutawa?"

Ta karanto lambobi arba'in da biyu, shida-shida, Chuks na dannawa. Allo ya ce an gode. Ta tambaya ko akwai wani abu kuma.

"Ba kya son in karanto miki lambar rasit?"

"Ba sai ka karanto ba. A yini lafiya."

Layi ya mutu. Malam Julius ya ci gaba da riƙe wayar a kunne na ɗan lokaci. Shekara biyar yana jiran ranar da wani mai iko zai tsare shi ya ce ina takardunka, ya zaro ambulan a hankali. Ranar ta zo, ta wuce cikin minti biyu, ba a ko tambayi sunansa ba.

"An ɗaura," in ji Bappa. "Allah ya ba da zaman lafiya. A ci gaba da markaɗe."

Chuks ya haɗa tsohuwar ma'ajiyar, ya nemo kundin. Ga shi nan, babi na ɗaya zuwa na biyar. Malam Julius ya zauna, ya murza yatsu, ya danna babi na biyar sau biyu. Rubutun ya buɗe a wani ɗan fili maras fasali. Jadawalin ƙananan hukumomi ashirin da uku ya tarwatse, lambobi sun hau kan juna, bayanan ƙasan shafi duk sun ɓace.

"Me ka yi wa kundina?"

"Babu abin da ya same shi. Wod ne ba mu saka ba tukuna, shi ke buɗe shi daidai. Minti goma." Chuks ya ja aljihun tebur, ya tona cikin kusoshi da batura, ya ciro wani faifai maras riga, an rubuta a kansa da jan maka. Ya hura masa iska, ya goge a cinyar wando.

"Mene ne wannan?"

"Wod."

"Mayar da shi inda ka ɗauko shi. Nawa yana cikin faifan Windo. Tare suka zo."

"Ba sa zuwa tare, Oga. Kaya biyu ne, kuɗi biyu, lasisi biyu."

"Shekara biyar ina rubutu da shi a kwamfutar nan. Daga sama ya faɗo?"

Chuks ya dubi Bappa. Bappa ya dubi labulen maƙwabci da sha'awa mai tsanani.

"Salama alaikum. An gama kuwa?"

Dinatu ce a bakin ƙofa, da kular abinci a hannu da alli a gefen zane. A wata firamare ta Sabon Gari take koyarwa, an tashi, ta biyo don ta san mijinta in ya sa abu a gaba ba ya tuna ciki. Ta dubi kwamfutar da ke ɗaure da robar taya, ta dubi faifan da ke hannun Chuks, ta dubi fuskar mijinta. Ta ajiye kular a hankali.

"Au. An zo wurin."

"Wane wuri? Maman Sarah, me kika sani a kan wannan?"

"Baban Sarah, ka tuna da ka dawo da ita daga Turai? Kwana huɗu kana neman inda ake rubutu. Ka danna nan, ka danna can, ka ce Turawa sun ɓoye shi ne don su gwada haƙurin baƙar fata. Ko tuwo ba ka ci. Sai ka tafi taro Jos. Ni kuma na naɗe ta a zane na hau acaɓa na kawo wa Chuks."

"Minti goma," in ji Chuks a hankali. "Ban ma karɓi ko sisi ba, don ban taɓa ganin orijinal ba sai ranar."

"Ka dawo ka kunna, ka gan shi a kan allo," in ji Dinatu. "Ka ce addu'a ce ta yi aiki."

"Kika yi shiru?"

"Ka ba da shaida a coci ranar Lahadin. An tafa maka. A ina zan sa baki?"

Bappa ya fita waje da sauri. Ta bango ana jin wani sauti kamar na akuyar da ta shaƙe, har mai markaɗe na tambaya ko a kawo ruwa.

Malam Julius ya dubi kundin da ke kan allo. Shafi ɗari uku da goma sha biyu a kan gaskiya da riƙon amana. Babi guda cur a kan ma'aikacin da ke cin moriyar abin da bai tambayi asalinsa ba, har ya ƙirƙiro wa irin wannan ma'aikaci suna na musamman, mai duba kundin ya yaba. Kowane harafi, kowane waƙafi, da wannan faifan mai jan maka aka buga shi.

"Nawa ne na halal ɗin?" Muryarsa ta yi ƙasa.

"Ba kuɗin ba ne, Oga. Babu shi a Zariya. Sai an aiko daga Legas, sati biyu in mota ba ta lalace ba."

"Babu wani na kyauta, wanda masu shi suka yafe?"

"Akwai. In na fara sauko da shi a kafen intanet yanzu, Asabar ya gama, in ba a ɗauke wuta ba."

Agogon bango ya ce uku saura ashirin da biyar. Daga nan zuwa Samaru rabin awa ne, in Kwangila ta yi kirki.

Malam Julius ya tashi, ya ɗauki kular abincin. "Zan fita in ci abinci. Maman Sarah, ke kika fara wannan aiki. In na dawo, abin da na tarar shi ke nan."

"A'a." Dinatu ta karɓe kular daga hannunsa, ba da ƙarfi ba. "Wancan karon ni na danna, na ɗauke maka shekara biyar. Kullum ka tsaya a falo kana wa baƙi wa'azi, ni ina kicin ina roƙon gafara. Yau kam da yatsanka. In ba za ka iya ba mu tafi gida, digiri ba shi ne numfashi ba. Amma ba za ka fita ka dawo ka ce addu'a ce ba."

Chuks ya sa faifan. Ya yi ƙugi, ya yi tari, ya kama. Lambar da aka nema tana rubuce a jikin faifan da jan makan, Chuks ya buga ta bai ko duba ba. Sai ga dogon shafi mai ƙananan haruffa, da ɗan akwatin dannawa a ƙasa. Chuks ya ture linzamin kwamfutar zuwa gaban Malam Julius, ya ja da baya.

Bappa ya dawo yana share ido. "Za ka karanta? Minti ashirin da biyar ne kawai."

Malam Julius ya cire tabarau, ya ninke, ya sa a aljihu. Ba tare da su ba allon hazo ne kawai. Ya lalubi linzamin, ya danna.

"Ba nan ba, Oga. Ƙasa kaɗan."

Ya sauko ƙasa kaɗan, ya danna.

Jadawalin ƙananan hukumomi ya koma layi-layi kamar 'yan makaranta da suka hango hedimasta. Gyaran shafi goma sha shida ya ɗauke shi minti goma sha huɗu, abin da ya gagara tun Ista. Firinta ta fara tofo takardu, Dinatu na jerawa kwafi uku, Bappa ya je ya tayar da mota ya bar ta tana rawa a bakin shago.

"Dakata," in ji Malam Julius. "Akwai sauran shafi ɗaya."

Ya mayar da tabarau, ya koma farkon kundin, shafin godiya. Bayan sunan mai duba kundin da na Dinatu da na Sarah ya fara ƙara layi, yana karantawa a bayyane kamar yadda ya saba: "Haka kuma, don kada a ɓoye komai, ina godiya ga Mista Chuks na bayan kasuwar Sabon Gari, wanda ya samar da faifan da aka..."

"Oga! Abeg!" Chuks ya yi tsalle ya dafe hannunsa. "Sunana a takardar jami'a? Da adireshi? Kwafi uku? Ina da 'ya'ya!"

"Gaskiya ce."

"Gaskiyarka ce, shagona ne!"

Bappa ya danna oda a waje, dogo. Malam Julius ya dubi layin, ya dubi agogo, ya dubi matarsa. Dinatu tana daidaita gefen takardu a kan tebur. Ya goge sunan, ya goge kasuwar, ya goge faifan. Ya yi ɗan tunani, sannan ya buga: "da wani bawan Allah da ya nemi a sakaya sunansa."

Firinta ta tofo shafin. Ya sa shi a saman kowane kwafi, ya miƙa wa Dinatu fayil ɗin, ya sunkuya ya rungumi kwamfutar da robar tayarta. A mota ya zauna gaba, ya ɗora ta a cinya, gefen takardar na manne da cikinsa.

"Bi a hankali?" in ji Bappa.

"Taka," in ji Malam Julius.